Aikin salsalar gidan Verney: inda aka kwana

Asabar, 4 ga Janairu

Na fara yau. Majalisar karatunmu ta ranar Lahadi ce ta ɗora min wannan aikin, tunda bara mun gama babin rabon gado wani ya tambaya wai su Turawan da can ya suke nasu, kowa ya juyo ya kalle ni saboda ni ne mai yawan surutun tarihi. To na karɓa. Abin da nake so in gama kafin azumi shi ne in zana salsalar gida ɗaya na masu ƙasa a Ingila a kan kwali babba, layin haihuwa da baƙin biro, sannan wani layi daban da jan biro wanda zai nuna inda filin ya bi, daga hannun wa zuwa hannun wa. Jan layin nan shi ne ainihin aikin.

Gidan da na zaɓa su ne Verney na ƙauyen Middle Claydon a gundumar Buckinghamshire. Ba sarakuna ba ne, a farko ma ba su kai sahun manyan lodi-lodi ba, irin masu ƙasar karkara ne da ke zaune a babban gida suna karɓar kuɗin haya daga manoma, su ne alƙalan sulhu na yankinsu, su ne ke zuwa majalisa. Dalilin zaɓensu kuwa mutanen nan ba sa yar da takarda, wasiƙunsu na ƙarni na 17 kaɗai sun kai wajen 30,000, shi ya sa masana suka yi ta rubutu a kansu.

Kashe kuɗi: kwali biyu naira 1,600, biro kala uku da rula 1,200, data 3,500.

Litinin, 6 ga Janairu

Tushen gidan ɗan kasuwa ne. Wani Ralph Verney mai sayar da yadi a Landan, ya yi magajin garin Landan a 1465, shi ya sayi Middle Claydon a shekarun 1460. Daga baya aka ba iyalin Giffard hayar wurin ta dogon zango, su Verney suka zauna a Pendley ta Hertfordshire. Na sa shi a can saman kwalin.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kai mutanen nan da maimaita suna! Ralph ya haifi Edmund, Edmund ya haifi wani Edmund, shi ya haifi Ralph, shi ma ya haifi Edmund, kuma kusan duk matar da aka auro Mary ce. A ƙarni ɗaya kawai ina da Edmund biyar da Mary fiye da haka. Dole na ba kowa laƙabi a gefe da fensir: Edmund tsoho, Edmund mai tuta, Edmund na Ailan, Edmund mijin marar lafiya, Edmund ɗan auta. In ba haka ba ranar gabatarwa kan kowa zai kulle, nawa ma ya kulle.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau dokar na zauna na karanta, don in ba a gane ta ba jan layin ba zai yi ma'ana ba. A taƙaice ga yadda take. In mai ƙasa ya mutu bai shirya komai ba, filin gaba ɗaya na babban ɗa namiji ne, shi kaɗai, ƙannensa maza ba su da ko taku ɗaya, mata ma haka. Sai in babu ɗa namiji kwata-kwata ne 'ya'ya mata za su gada, su kuma a nan raba musu ake yi daidai. Matar mamaci tana cin amfanin kashi ɗaya cikin uku na filin iya rayuwarta, amma masu hali sun fi son tun ranar ɗaura aure a rubuta takamaiman abin da za a riƙa ba ta duk shekara in mijin ya riga ta. Akwai wuraren da suka fita daban, a Kent 'ya'ya maza raba fili suke yi daidai, wasu garuruwan kuma ɗan auta ne ke gada, amma masu ƙasa irin su Verney ɗan fari suke bi.

Sannan tun 1285 akwai dokar da ta ba mutum damar ɗaure fili a kan zuriyarsa, yadda magaji zai ci amfani amma ba zai sayar ba. Lauyoyi suka gano hanyar kwance ƙullin ta wata shari'ar ƙarya da ake shiryawa a kotu, kowa ya san wasa ne har alƙalin, amma doka ta karɓa. A 1540 aka yi dokar wasiyya da ta ba mutum ikon bayar da filinsa ga wanda ya so, sai dai filin da ake riƙe da shi daga sarki bisa sharaɗin hidimar soja, shi kashi biyu cikin uku kawai za ka iya.

Da yamma na je gaida kawu, shi ne ake kira rabon gado a unguwarsu, na karanta masa wannan. Ya yi shiru can ya ce, "To kai ɗan nan, sauran 'ya'yan fa, tsintarsu aka yi?" Na ce Kawu ai ana ba su kuɗi, mata a ba su abin da za su tafi da shi gidan miji, maza a sa su koyon ciniki ko lauya ko soja ko coci. Ya ce wa ke biya. Na ce babban wan. Ya ce "ashe bashi ya gada." Ya ƙara da cewa mu dai namiji rabon mata biyu, mata tumuni in akwai 'ya'ya, wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, kowa ya ɗau nasa a wuce wurin, gona dai ta tsattsage amma ba wanda zai zo ƙofar yayansa roƙo har tsufa. Maganar bashin nan na rubuta ta a saman littafina, ina ga ita ce za ta riƙe gabatarwar.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba wuta tun shekaranjiya, batirin kwamfutar kuma in an cire caja ko minti ashirin ba ya yi. A waya na yi karatu. Ban zana komai ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na shiga labarin Francis, kuma gaskiya in don shi kaɗai ne ma aikin ya biya.

Edmund tsoho yana da 'ya'ya maza biyu daga mata daban-daban, Francis wanda aka haifa 1584 shi ne babba, sai Edmund ƙarami ɗan matar ƙarshe, Mary Blakeney. Bisa ƙa'ida Francis ne zai kwashe komai. Amma uban kafin ya mutu ya nemi majalisar dokoki ta yi masa doka ta musamman da ta raba dukiyar tsakanin yaran biyu, kuma ba sai an faɗa maka hannun wa ke ciki ba. Ba a tsaya nan ba, a 1599 aka ɗaura wa Francis aure yana ɗan shekara 14 da Ursula St Barbe, wadda 'yar ita matar uban ce daga aurenta na baya, wato agolar gidan. Ka ga an kewaye yaro ta ko'ina, rabi ya tafi wurin ɗanta, ɗaya rabin kuma 'yarta ce matar gida.

Da ya girma ya kai ƙara majalisa a 1606 a warware dokar, bai yi nasara ba. Sai ya sayar da nasa kason, har da Pendley inda kakanninsa suka zauna, ya bar matar, ya fice daga ƙasar a 1608. Ya bi ta Maroko, ya ƙare cikin 'yan fashin teku na gaɓar Aljeriya da Tunis, har labari ya iso Landan a lokacin cewa ya musulunta. Jiragen Sisili suka kama shi ya yi bauta yana tuƙa jirgi, ƙarshe ya mutu a wani asibitin talakawa a Messina a 1615 yana ɗan shekara 31. Rawaninsa da takalmansa aka aiko gida, suna nan a Claydon.

A kwalin jan layi ya rabu biyu a nan, ɗaya ya bi Francis ya fita ta gefen takarda na rubuta "an sayar", ɗayan ya sauko kan Edmund ƙarami. Ni dai ban ga gwarzo a Francis ba, almubazzari ne tun kafin rigimar, amma abin da ya tsaya min shi ne raba filin da uban ya yi, wanda a wurinmu shi ne adalci, a wurinsu shi ya cinye rabin dukiyar gidan cikin shekara goma. Duk wanda ya zo bayan haka a gidan nan ya ɗau darasi.

Talata, 21 ga Janairu

Rikicin kwanan wata ya cinye min dare guda. Wani wuri ya ce Edmund tsoho ya mutu Janairun 1599, wani ya ce Janairun 1600, kuma ya shafi lissafin shekarun yaran. Ashe duka biyun daidai ne. A Ingila har zuwa 1752 sabuwar shekara a takardun hukuma ranar 25 ga Maris take farawa, don haka duk abin da ya faru daga Janairu zuwa 24 ga Maris su a shekarar baya suke rubuta shi. Ko sarki Charles na ɗaya da muka sani an sare kansa 30 ga Janairu 1649, mutanen lokacin 1648 suka rubuta. Na yanke shawarar bin lissafin yanzu a ko'ina, na koma na duba duk wanda ya mutu ko aka haifa a farkon shekara.

Asabar, 25 ga Janairu

Edmund mai tuta. Shi ne ya dawo da gidan Claydon, a 1620 ya biya Giffard ya karɓi ragowar hayar, da kuɗin aro. Ya yi hidimar fadar sarki, hidimar da ta fi cin kuɗi a kan kawowa. Matarsa Margaret Denton ta Hillesden, 'ya'ya goma suka rayu, maza huɗu mata shida. Riƙe wannan adadin.

Yadda ya nemo wa babban ɗansa Ralph mata shi ne abin da ya fi ɗaga min hankali zuwa yanzu. Akwai wata kotu da aka kafa 1540 mai kula da marayun masu ƙasa, in mai riƙe da filin sarki ya mutu ya bar magaji ƙarami to riƙon yaron da ikon aurar da shi ya koma hannun sarki, sarki kuma sayarwa yake yi. Mary Blacknall ta Abingdon iyayenta sun mutu a annobar 1625 tana 'yar shekara 9, ita kaɗai ce magajiya. Masu riƙonta har sun so su haɗa ta da ɗan ɗaya daga cikinsu, ƙarshe Sir Edmund ya biya kuɗi aka ba ɗansa. An ɗaura 1629, ita 13 shi 15. Wato marainiya da filinta aka yi cinikinsu tare. Abin mamaki kuma auren ya zama na so na gaske, wasiƙunsu sun nuna. An rufe kotun a 1646, dokar 1660 ta tabbatar da rufewar.

Na ja jan layi na biyu daga gefen dama yana shigowa ta kan Mary. Ba wannan ne karo na farko da fili ya shigo gidan ta hannun mace ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Na gwada karanta wasiyya ta asali. Wasiyyoyin masu hali na kudancin Ingila har zuwa 1858 kotun cocin Canterbury ce ke tabbatar da su, kwafinsu yana gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kew, ana samun hoton ta intanet. Wallahi da na buɗe na ɗauka ba Turanci ba ne. Harafin e a juye yake kamar yana kallon baya, h jelarsa ta zube ƙasan layi, s doguwa ce kamar f, kalmomi a gutsure da ɗan lanƙwasa a sama, lambobi kuma na Rumawa ne kuma i ta ƙarshe sai su ja ta ta koma j, uku ta zama iij. Ba aya ba waƙafi, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi. Layin farko kawai na iya saboda kusan duka iri ɗaya suke farawa, da sunan Allah amin, sai mutum ya ce yana cikin hankalinsa, ya miƙa ransa ga Mahalicci, gawarsa ga ƙasa, sannan a shiga dukiya.

Na buga shafi shida a shagon kwamfuta don in bi da fensir, naira 900, inkin ya fito dishi-dishi siraran layukan duk sun ɓace, asara. Shawara: wannan koyo ne na watanni, ba zai shiga kafin azumi ba. Zan tsaya kan abin da masana suka riga suka kwafe, rubutun hannun kuma in ɗauke shi aiki na daban bayan sallah.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yaƙin basasa. Uba ya bi sarki, ɗa ya bi majalisa. Sir Edmund shi ke riƙe da tutar sarki a yaƙin Edgehill ranar 23 ga Oktoba 1642, a nan aka kashe shi, ba a ga gawarsa ba. Ralph yana ɗan shekara 28 ya wayi gari shi ne mai gida.

To ga abin da ya gada. Fili, eh. Sai bashin uban tun na 1620 da wanda ya hau kai. Sai ƙanne mata shida, Susan, Penelope, Margaret, Cary, Mary da Elizabeth, Cary ce kawai ta yi aure, sauran kowace sai an nemo mata dukiyar da za ta shiga gidan miji da ita, don a wannan sahun yarinya ba kuɗi ba miji na kirki. Sai ƙanne maza uku masu jiran kuɗin shekara. Edmund na Ailan soja ne, an kashe shi a Drogheda 1649 bayan Cromwell, jagoran sojan majalisa, ya ci garin. Henry na can wurin tseren dawakai. Tom kuwa, Allah ya raba mu da irin Tom, an tura shi Virginia ya dawo, an tura shi Barbados ya dawo, ya sha shiga kurkukun bashi, wasiƙunsa duk roƙo ne da alƙawarin wannan ne na ƙarshe, kuma ya rayu har 1707, ya binne wan nasa ya ci gaba da roƙon ɗan wan.

Duk da haka ban iya zagin Tom da yawa ba. An rene shi a matsayin ɗan babban gida, an hana shi ko kadada ɗaya, an ce kuma kada ya zubar da mutuncin gida.

Tsugune ba ta ƙare ba, a 1643 majalisar da Ralph ya bi ta kawo wata rantsuwar addini ta ce kowa ya sa hannu, shi ya ƙi, ya kwashe iyali ya tafi Faransa ya zauna a Blois. Aka kore shi daga majalisa, a 1646 aka ƙwace amfanin filayensa. 'Yan sarki na ganinsa maci amanar uba, 'yan majalisa na ganinsa ɗan gudun hijira.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mary Blacknall, matar Ralph, ce ta ceto gidan. Shi ba zai iya dawowa ba, ita ta tsallako Ingila a ƙarshen 1646 da ciki, ta yi ta bin 'yan kwamiti da 'yan majalisa da kyaututtuka, kawun mijin Dakta William Denton yana nuna mata ƙofofi. Ta haihu a can, jaririn ya mutu, 'yarta Peg da ta bari a Faransa ita ma ta mutu duk a 1647. A Janairun 1648 aka sakar musu filin. Ta koma Blois ba lafiya, ta rasu 1650 tana da shekara 34. Ralph bai sake aure ba har ya mutu bayan shekara 46. Kuma wani ɓangare na filayen da ta zo da su shi aka sayar aka rage bashin Claydon, wato gadon ubanta aka yanka don na uban mijinta ya tsaya cif. A kwalin na yi wa layinta 'yan rassa masu fita waje.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Babban koma baya. Na shimfiɗa kwalin a tabarma ina cike sunayen 'ya'yan Edmund mai tuta, na tashi alwala, ɗan yayata mai rarrafe ya zo ya kifar da kofin shayi a kai. Baƙin biron ya tsaya amma jan ya narke ya bazu, daga Francis har Mary Blacknall ya koma jan tabo ɗaya, takardar ta kumbura. Yaya ta yi ta ba da haƙuri tana cewa za ta saya min wani, na ce Yaya bar shi, dama kwalin ya yi kaɗan, mutum goma a layi ɗaya sun matse har sunan Elizabeth ya hau gefen.

Sabon tsari: kwali uku a haɗe da salatif ta baya, a kwance ba a tsaye ba, kowane ƙarni da nasa. Fensir tukunna, biro sai a ƙarshe, kuma jan ya zama maka marar narkewa. A bango zan manna shi in yi aikin a tsaye. Kwali uku 2,400, maka 800, salatif 500. Jimillar abin da na kashe zuwa yau 10,900.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na sake zana 1460 zuwa 1650. Hannu ya saba, bai ɗau lokaci ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ralph ya dawo gida 1653 ya zama wani irin mutum mai ƙididdigar kowane sisi. A tsakiyar shekarun 1650 ya killace gonakin Middle Claydon da a da manoma ke nomawa a buɗe kowa da 'yan kunyoyinsa a warwatse, ya mai da yawancinsu makiyaya da shinge, haya ta tashi. Wannan ɓangaren nake so 'yan majalisar karatunmu su lura da shi, don bashin aurar da ƙanne da na fada a ƙarshe a kan manomin ƙauyen ya sauka. A 1661 bayan sarauta ta dawo aka ba shi baronet, muƙamin da sarki James ya ƙirƙiro a 1611 yana sayarwa.

A wannan zamanin ne kuma lauyoyi suka ƙera sabon ƙulli da ya fi na da ƙarfi. Ranar auren babban ɗa ake rubuta shi: ɗan zai ci amfanin fili iya rayuwarsa kawai, mallakar na jikan da ba a ma haifa ba, an sa amintattu su tsare, an rubuta abin da bazawara za ta samu da na kowane ƙaramin ɗa da 'ya. In jikan ya girma zai yi aure a sake ɗaurawa. Da haka kusan babu wani mai rai da ke da ikon sayarwa.

Sai dai takarda ba ta hana ƙaddara. Ralph ya aurar da babban ɗansa Edmund ga Mary Abell a 1662, magajiyar East Claydon, ƙauyen da ke maƙwabtaka, lissafi ya fita tsaf, filaye biyu za su haɗe. Ba a daɗe ba matar ta kamu da taɓin hankali. Mijin ya mutu 1688, 'ya'yansu maza biyu ɗaya 1686 ɗaya 1690, duk tsohon yana raye yana kallo. Ita ta rayu har 1715, filinta ya koma danginta, sai daga baya Verney suka saye shi da kuɗi.

Wa ya gada a 1696? John, ƙaramin ɗa, wanda da yake ba shi da rabo aka sa shi koyon ciniki ya tafi Halab ta Siriya a daular Usmaniyya ya yi shekara 12, daga 1662 zuwa 1674. Ya dawo Landan ya yi kuɗi, yana kuma cikin masu gudanar da kamfanin Royal African, wanda cinikinsa har da bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, wannan zan faɗe shi a fili ranar gabatarwa. Kuɗinsa da aurensa uku suka tsayar da gidan da ƙafarsa, ya ƙaro fili, a 1703 ya shiga sahun lodi-lodi da muƙamin Viscount Fermanagh. Wanda tsarin ya tura waje shi ya zo da abin da ya raya tsarin.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwali na uku, kuma a nan baƙin layi da ja suka rabu har abada.

Ɗan John ya zama Earl, muƙamin da ke sama da Viscount, a 1743. Babban ɗansa ya mutu 1737 ya bar mata da ciki, aka zuba ido, aka haifi mace, Mary. Da namiji ne da komai nasa ne, da yake mace ce sai ya tsallake ta ya faɗa kan baffanta Ralph, Earl na biyu. Shi kuma ya sa kansa gasa da maƙwabtansa masu katafaren gidan Stowe, ya rushe ya gina, zauren rawa, ƙubba, sassaƙar katako ta Luke Lightfoot wadda har yau ake zuwa kallo, ga siyasa ga ba da rance ga abokai. A 1784 sai da ya gudu Faransa saboda masu bin bashi, ya mutu 1791 ba ɗa ba jika. Yarinyar nan da aka tsallake tun tana ciki ita ta gada tana da shekara 53, ta sa aka rushe kusan kashi biyu cikin uku na ginin. Ba ta yi aure ba, ta mutu 1810, ta bar wa 'yar uwarta ta wajen uwa, Catherine, wadda ubanta Calvert ne, ba ɗigon jinin Verney a jikinta. Catherine ta ɗau sunan Verney. Da ta mutu 1827 ya koma kan ɗan uwanta Sir Harry Calvert, shi ma ya ajiye sunan ubansa ya zama Verney. Shi ne ya auri Parthenope, yayar Florence Nightingale shahararriyar mai jinya, a 1858. An miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, a 1956.

Na tsaya ina kallon bangon. An hana ƙanne, an sayi marainiya, an sayar da gadon mata, duk don fili ya zauna a hannun ɗan fari na jinin gida, amma daga 1600 zuwa 1827 sau nawa ma ya bi ta ɗan farin? Edmund mai tuta ƙarami ne, John ƙarami ne, Earl na biyu ƙarami ne, sai mace, sai bare. A ganina abin da suke tsarewa fili ne da suna, mutanen ciki ana iya canza su. Na kira kawu na gaya masa batun canza sunan, ya ce "subhanallahi, mutum ya bar sunan ubansa don gona?" Ya ce lallai zai zo ranar.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na bi fensir da biro a kwali na ɗaya da na biyu. Saura na uku, da ɗan akwatin bayani a ƙasa mai nuna ma'anar launuka. Ina so in ƙara launi na uku, kore, don kuɗin da ke fita zuwa ga ƙanne da zawarawa, tunda ja kaɗai yana nuna kamar magaji shi ya more. Koren maka 800.

An sa gabatarwar gobe bayan la'asar amma na roƙa a ɗaga zuwa Alhamis, in samu in taƙaita dokokin a shafi ɗaya in yi hoto goma sha biyar a raba. Kwalin ba zai naɗu ba saboda salatif, sai na nemi mai adaidaita ya kai min shi a shimfiɗe.